Katirij ɗin Xpert CT/NG a aikin ƙididdigar cututtukan jima'i: abin da yake iyawa da inda yake tsayawa

A rahoton shekara na yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi za ka tarar da adadin mata masu zuwa awon ciki da aka samu da tunjere, za ka tarar da adadin mazan da suka je asibiti da fitar mugunya daga gaba. Idan ka nemi na wasu cututtukan jima'i biyu kuwa, wato kilamidiya da gonoriya (ciwon sanyi), sau da yawa gurbin fayau yake. Dalilin a fili yake. Tunjere ana gano ta da ɗigon jini daga yatsa cikin minti 20. Waɗannan biyun kuma sai an nemo ƙwayar halittar cutar a cikin fitsari ko a ruwan farji, aikin da shekaru da yawa sai manyan ɗakunan gwaji na birane ke iya yinsa. Saboda haka asibitoci suka dogara da duba alamomi su ba da magani, kuma abin da suka rubuta a rajista shi ne ke zama ƙididdigar ƙasa. Matsalar ita ce yawancin matan da ke ɗauke da kilamidiya ba sa jin komai, haka ma da yawa daga masu gonoriya. Wadda ta zo da fitar ruwa kuma galibi wata cuta ce ta farji ke damunta, ba waɗannan ba. Rajistar ta rasa masu cutar, ta cika da waɗanda ba su da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an sami sababbin kamu miliyan 374 na cututtuka huɗu masu warkewa a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49: tirikomonas miliyan 156, kilamidiya miliyan 129, gonoriya miliyan 82, tunjere miliyan 7.1. Burin da aka sa shi ne a sauko da jimlar ƙasa da miliyan 150 kafin 2030. Amma waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne da aka gina a kan tsirarun bincike, kuma bayanan maza sun fi na mata ƙaranci nesa ba kusa ba. Ƙasar da ba ta san inda ta tsaya ba, ba za ta san ko ta matsa ba. Wannan giɓin ne ya sa ake yawan tambaya ko katirij ɗin Xpert CT/NG, mai gwada kilamidiya (CT) da gonoriya (NG) a lokaci guda, zai iya cike shi.

Katirij ne na roba da ake amfani da shi sau ɗaya, na kamfanin Cepheid da ke Kalifoniya a Amurka, kuma yana aiki ne a cikin na'urar GeneXpert. Ita wannan na'ura ta riga ta bazu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi tun bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajin tarin fuka na Xpert a watan Disamba na 2010, kuma wannan shi ne babban abin da ya ba katirij ɗin fifiko a kan takwarorinsa: na'urar tana nan, akwai kuma ma'aikacin da ya iya ta. Dukan aikin, daga fasa ƙwayar cuta zuwa ninka kwafin halittarta da karanta sakamako, a cikin katirij ɗin yake faruwa a rufe, cikin kimanin minti 90.

Ingancinsa ba abin kushewa ba ne. A binciken da aka buga a 2013 kan mata 1,722 da maza 1,387 a Amurka, ya kama sama da kashi 97 cikin 100 na masu kilamidiya a kowane irin samfuri, ya kama sama da kashi 95 na masu gonoriya. Wajen wanke marasa cutar kuwa bai yi ƙasa da kashi 99.4 ba a kilamidiya da 99.8 a gonoriya. Akwai dabara biyu a ƙirarsa da suka dace da aikin ƙididdiga sosai. Ta farko, ba ya cewa an sami gonoriya sai ya ga alamomi biyu daban-daban na halittarta, NG2 da NG4, duka tare. Wannan na rage ruɗuwa da dangin ƙwayar marasa illa, musamman masu zama a maƙogwaro. Ta biyu, yana duba ko akwai ƙwayar halittar ɗan Adam a cikin samfurin. Idan mace ta karɓi tsinken auduga ta shiga bayan labule, kunya ta hana ta, ta mayar da shi cikin kwalba bai taɓa jikinta ba, na'urar ba za ta ce ba ta da cuta ba, za ta ce gwajin bai inganta ba. A binciken da mata ke ɗibar samfuri da kansu, wannan kariya ce mai girma, domin sakamakon "babu" na ƙarya shi ne ke ja da adadin ƙasa ba tare da kowa ya lura ba. An gwada shi a asibitocin awon ciki a Afirka ta Kudu da Botsuwana da Fafuwa Niyu Gini, kuma ma'aikatan da ba ƙwararrun ɗakin gwaji ba sun iya sarrafa shi bayan ɗan horo.

Ɗibar samfuri

A nan ne mafi yawan ɓarna ke faruwa, tun kafin a kai ga na'ura. Ga mata, tsinken auduga na farji ya fi fitsari, kuma matar na iya ɗiba da kanta: ta shigar da shi kimanin santimita 5, ta juya shi a hankali yana gogar bango na daƙiƙa 10 zuwa 30, ta saka shi a kwalbar ruwan adanawa mai murfi ruwan hoda, a karya sandar a daidai tsagar da aka yi mata, a rufe, a juya kwalbar sama da ƙasa sau uku ko huɗu. Kada yatsa ya taɓa audugar, kada kuma ruwan kwalbar ya zube. In ya zube, a ɗauko sabuwa.

Ga maza, fitsari ake karɓa, kuma na farkon fitowa, mililita 20 zuwa 50, daga mutumin da ya yi aƙalla awa ɗaya bai yi fitsari ba. Ma'aikatan asibiti sun saba da koya wa mutane su bar na farko ya wuce su tari na tsakiya, saboda haka ake yi a gwajin cutar mafitsara. A wannan gwajin akasin haka ake so, domin na farkon ne ke wanko ƙwayar daga bututun fitsari. Wanda ya cika kofi fal ya tsarma samfurinsa, kuma mai ƙarancin ƙwayar cuta zai iya fitowa a matsayin lafiyayye. Ana ɗibar kimanin mililita 7 a zuba a kwalba mai murfi rawaya har zuwa layin da aka ɗiga a jikinta.

Sai batun ajiya, wanda ke yanke hukunci a kan tsarin binciken gaba ɗaya. Tsinken auduga a cikin ruwansa yana kaiwa kwana 60 a zafin digiri 2 zuwa 30. Fitsarin namiji a cikin kwalbarsa yana kaiwa kwana 45 a wannan zafin. Fitsarin mace kuwa kwana 3 kacal yake yi idan zafin ya kai 30, sai an riƙe shi tsakanin digiri 2 da 15 zai kai kwana 45. Wannan kaɗai ya isa hujjar a zaɓi tsinken auduga ga mata a duk inda za a riƙa kwaso samfura daga asibitocin karkara zuwa wuri guda. A tuna kuma digiri 30 iyaka ce da bayan mota ko ɗaki mai rufin kwano ke tsallakewa da rana a ƙasashe masu zafi, don haka akwatin sanyi da ma'aunin zafi a cikinsa wajibi ne.

A gaban na'ura

Matakan kaɗan ne. A juya kwalbar, a buɗe murfin katirij, a zuƙo samfuri da bututun da ya zo a cikin kwali har ya wuce alamar mililita 1 ba tare da kumfa ba, a zuba a ramin samfuri, a rufe, a fara gwajin cikin minti 30. Ana rubuta lambar samfuri a gefen katirij, ban da kan murfi, ban da kan lambar da na'urar ke karantawa. Ɗan siririn bututun da ya fito a bayansa ba a taɓa shi, domin ta nan haske ke karanta sakamako. Katirij ɗin da ya faɗi ƙasa ko aka girgiza shi bayan buɗe murfi, a jefar.

Akwai tarko ɗaya a kwamfutar da ya kamata mai kula da bincike ya sani. Na'urar da ke aikin tarin fuka ba za ta gane katirij ɗin ba sai an ɗora mata fayil ɗin wannan gwaji, kuma fayil ɗin na ba da zaɓi uku: kilamidiya kaɗai, gonoriya kaɗai, ko duka biyun. Idan ma'aikaci ya danna na kilamidiya kaɗai, sakamakon gonoriya ba zai dawo ba bayan an gama, sai dai a ƙona wani katirij. A liƙa takarda a jikin allon, ko a ɗora zaɓin haɗe shi kaɗai.

Gwaji na iya lalacewa ta hanya uku, kuma kowace na nuna inda laifin yake. INVALID na nufin samfurin ne: babu ƙwayar ɗan Adam a ciki, ko wani abu ya hana ninkawar. Idan yana yawan fitowa daga asibiti ɗaya, a koma can a sake koyar da ɗiba. ERROR ya fi alaƙa da katirij ko na'ura: lamba 5007 kan biyo bayan samfurin da bai kai ma'auni ba, ko kumfa, ko katirij ɗin da zafi ya taɓa, 2008 na nuna matsi ya yi yawa a ciki, 2127 na nuna sadarwa ta yanke tsakanin gurbin da ake saka katirij a ciki da kwamfuta, galibi saboda waya ko rawar lantarki. NO RESULT kuma kusan kullum ɗaukewar wuta ce ko wani ya tsayar da gwajin. Ɗakunan gwajin tarin fuka na auna kansu da kada ERROR ya wuce kashi 3 cikin 100, sauran biyun kada kowanne ya wuce kashi 1, kuma ma'aunin ya dace a nan ma. Duk samfurin da aka maimaita bai ba da amsa ba, a cire shi daga jimlar da za a raba da ita, a faɗi adadinsa a rahoto. Lissafa shi cikin marasa cuta kuskure ne da ake yawan gani.

Na'urar kanta 'yar gata ce. Tana son ɗaki mai digiri 15 zuwa 30, katirij kuma 2 zuwa 28, ke nan sai da na'urar sanyaya ɗaki a wurare da yawa. Tana son batirin ko-ta-kwana da zai riƙe ta aƙalla awa biyu, tunda gwajin da wuta ta katse a minti na 80 ya tafi ke nan. Ƙura ce babbar abokiyar gabarta: a wanke matatar fanka duk wata, a bar sarari a gefunanta, a riƙa goge sandar da ke danna katirij da ruwan bilic da aka tsarma sannan a bi da barasar gwaji mai ƙarfin kashi 70. Ana tantance gurabenta sau ɗaya a shekara da kayan tantancewa da ake kira Xpert Check. Gurbin da ya faɗi wannan jarrabawa sai an musanya shi, kuma jiran sabo na iya cin watanni. Katirij ɗin da aka gama da shi ba a buɗe shi, ba a jiƙa shi a bilic, saboda wasu katirij na Xpert na ɗauke da sinadarin guwanidiniyam tayosayanet wanda ke fitar da iska mai guba idan ya haɗu da bilic. Ƙonawa a murhun sharar asibiti mai zafi sosai ita ce hanya, kuma ya kamata a san inda murhun yake tun kafin a yi odar kaya.

Lissafin da ya kamata a yi kafin saye

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 ya sa yaɗuwar kilamidiya a mata a kashi 3.8 cikin 100, gonoriya 0.9, a maza 2.7 da 0.7. Wato abin da ake nema ba shi da yawa a cikin jama'a, kuma wannan ne ke sa aikin tsada. A ce ana zaton kilamidiya ta kai kashi 5 a cikin masu awon ciki, ana son amsar kada ta kauce da fiye da kashi 2 sama ko ƙasa. Lissafin da aka saba ya ba da mata 456. A ƙara kashi 10 saboda maimaici da horo, an kai katirij 500, kwali 50 masu goma-goma. Idan daga asibitoci da yawa za a tattaro, adadin zai ƙaru, domin matan asibiti ɗaya sun fi kama da juna.

To waɗannan mata 456 ba za su ce komai mai ƙarfi a kan gonoriya ba. Idan yaɗuwarta kashi 1 ce, mata huɗu ko biyar za a samu, kuma amsar gaskiya na iya zama ko'ina daga ƙasa da rabin kashi ɗaya zuwa sama da kashi 2. Wanda ya maimaita binciken bayan shekara uku ya sami mata uku maimakon biyar ba shi da hurumin cewa cutar ta ragu. Don a riƙe gonoriya a tazarar rabin kashi ɗaya, sai mata sama da 1,500.

Sannan lokacin na'ura. Mai gurbi huɗu, wadda ita ce ta fi yawa a asibitocin gunduma, tana yin zagaye huɗu a ranar aiki idan komai ya tafi daidai, samfuri 16 ke nan, katirij 500 kuma su ci kusan kwanakin aiki 31. Amma na'urar ta masu tarin fuka ce, kuma majinyacinsu ba zai jira bincike ba, bai ma kamata ya jira ba. Idan gurbi ɗaya suka iya bayarwa, samfuri huɗu ne a rana, kwanakin aiki 125, alhali tsinken auduga kwana 60 yake da shi. A nan bincike da yawa ke lalacewa: an ɗibi samfura cikin mako uku, sun tsufa a firji suna jiran layi. Mafita ita ce a daidaita saurin ɗiba da saurin na'ura, ko a yi yarjejeniya a rubuce kan aikin yamma da ƙarshen mako, tare da hakkin ma'aikacin da zai zauna. Wasu masu bincike na haɗa samfuran mutane da yawa a katirij ɗaya don rage kuɗi, sai su warware idan ya nuna cuta. Yana rage kashe kuɗi, amma yana iya rage kaifin gwajin, kuma kamfanin bai tsara shi don haka ba, saboda haka sai an tabbatar da shi a ɗakin gwajin kafin a dogara da shi.

Ko da gwaji mai kyau irin wannan, adadin da ya fito ɗanye ne. Idan yana wanke kashi 99.8 na marasa gonoriya, to a cikin mutum 1,000 zai ɗora wa kimanin biyu cutar da ba su da ita. Inda masu ita na gaskiya goma ne, za a ga 12, wato an kumbura adadin da kashi ɗaya cikin biyar. Manhajar Spectrum-STI ta ƙiyasin yaɗuwar cututtukan jima'i a ƙasa, wadda ƙungiyar Avenir Health ta ƙera tare da Hukumar Lafiya ta Duniya kuma aka fara gwada ta a Zimbabuwe da Maroko, tana gyara irin wannan, amma sai rahoton ya faɗi sunan gwajin, irin samfurin, adadin da aka gwada, shekarun mutanen, da ko birni ne ko karkara. Rahoton da ya kawo kashi kaɗai ba tare da waɗannan ba kusan ba shi da amfani ga mai ƙiyasin ƙasa.

Babban abin da na'ura ba za ta gyara ba shi ne wa aka gwada. Masu zuwa asibitin cututtukan jima'i za su ba da adadi mai yawa da ba ya wakiltar jama'a. Masu awon ciki sun fi kusa da wakiltar mata, shi ya sa aka fi amfani da su, da sharaɗin a ɗauki duk wadda ta zo awon farko bi da bi, ba wadda ma'aikaciya ta ga alama a jikinta ba. A tambayi kowace ko ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta a makonnin baya, domin gwajin na iya ganin ragowar halittar ƙwayar da ta riga ta mutu har zuwa mako uku ko huɗu. Mata masu zaman kansu da maza masu neman maza bincikensu daban ne, kuma a rukuni na biyu fitsari kaɗai zai rasa mafi yawan cutar, sai an haɗa da samfurin dubura da maƙogwaro, waɗanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince wa katirij ɗin da su a 2019. Maza na gama-gari su ne har yanzu ba a da hanya mai sauƙi ta isa gare su. Duk shirin da ya sami damar karɓar fitsarin mazan da suka rako matansu awo, ko ya cusa gwajin a cikin binciken gida-gida, ya yi abin da duniya ke ƙishirwarsa.

Kuma duk wadda aka gwada tana da hakkin magani. Kilamidiya da gonoriya da aka bari suna haurawa mahaifa, su toshe bututun ƙwai, su jawo ciki a wajen mahaifa ko rashin haihuwa, su kuma kama idon jariri a wajen haihuwa. Kafin a ɗibi samfuri na farko a tanadi allurar seftiriyazon giram 1 don gonoriya, doksisaikilin miligiram 100 sau biyu a rana na kwana 7 don kilamidiya, azitiromaisin giram 1 ga mai ciki, da hanyar kiran matar a ɓoye da kuma kula da mijinta. A kwamfutar na'ura lamba ake sawa, ba suna ba, domin ma'aikata da yawa ke buɗe ta.

Ra'ayinmu shi ne katirij ɗin ya cancanci saye don binciken yaɗuwa da ake yi duk bayan shekara biyu ko uku a zaɓaɓɓun asibitoci, da kuma binciken gano ainihin abin da ke haddasa fitar ruwa a maza da mata, wanda da shi ake sabunta jagorar magani. Don gwada kowace mai ciki a kowace rana kuwa, tsadarsa da jinkirin minti 90 da ƙarancin gurabe sun fi ƙarfin yawancin ma'aikatun lafiya a yanzu. Mai saye ya kuma san cewa biyu kawai yake gani daga cikin huɗun. Tirikomonas na da nata katirij daban, Xpert TV, tunjere kuma sai gwajin jini. Sannan ba ya faɗin ko gonoriyar da ya gano ta bijire wa magani, alhali wannan ce tambayar da ta fi tayar da hankali a kanta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa mata shirin sa ido na EGASP da ya fara a Tailan a 2015. Sanin bijirewa sai an shuka ƙwayar da ranta a faranti, wato a rene ta a ɗakin gwaji har ta hayayyafa, ruwan adanawar Xpert kuma kashe ta yake yi. Don haka duk namijin da ya zo da fitar mugunya a asibitin da ke cikin binciken, a fara ɗibar masa tsinke na daban don shukawa, a shafa a faranti nan take ko a saka a ruwan jigilar da ke riƙe ƙwayar da rai, kafin a miƙa masa kofin fitsari.